Tuba da Ganima a Hannu: Tambaya a kan Saba'in ɗin Mark McGwire

A daren 8 ga Satumba, 1998, a filin wasa na Busch da ke birnin St. Louis a ƙasar Amurka, wani ƙaton mutum mai jan gashi da ake kira Mark McGwire ya maka wa ƙwallon da Steve Trachsel na ƙungiyar Chicago Cubs ya jefo masa kulki. Ƙwallon ya tafi ƙasa-ƙasa, da ƙyar ya haye katangar hagu. Duk cikin bugun da ya fitar waje a shekarar babu wanda ya kai wannan gajarta, amma shi ne na 62, wato ya zarce 61 ɗin da Roger Maris ya kafa tun 1961, adadin da ya gagari kowa har shekara 37. Ɗoki ya sa McGwire ya wuce zangon farko bai taka ba, sai da koci ya kira shi ya dawo ya taka, domin a dokar wasan wanda ya tsallake zango bugunsa bai ƙirgu ba. Da ya gama zagayen ya ɗaga ɗansa sama, ya rungumi abokin tserensa Sammy Sosa, sannan ya haura cikin 'yan kallo ya rungumi 'ya'yan Maris, waɗanda mahaifinsu ya rasu tun 1985. Kafin kakar ta ƙare ya kai 70.

Bayan shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni, mutumin nan ya fito gaban duniya yana hawaye, ya ce ya yi amfani da ƙwayoyin gina jiki na sitiroyid a tsawon shekaru, har da shekarar ta 1998. Ya nemi gafara. Amma ya ƙara da cewa ƙwayoyin ba su ne suka ba shi 70 ɗin ba, baiwa ce Allah ya ba shi, kuma ko babu su da ya buga abin da ya buga. Wannan ƙarin shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tambayar da yake tayarwa ta girmi wasan besbol nesa ba kusa ba: shin mutum na iya tuba daga hanyar da ya bi, ya kuma riƙe abin da hanyar ta kai shi gare shi a matsayin halaliyarsa?

Ga wanda bai san wasan ba, tsarinsa a taƙaice shi ne mai jifa ya wurgo ƙaramin ƙwallo mai tauri da gudun da kan zarce mil 90 a sa'a, mai duka kuma ya tare shi da kulkin katako, sannan ya ruga ya zagaya zanguna uku ya dawo inda ya tashi kafin a kama shi. Idan ya doki ƙwallon har ya ƙetare katangar filin, ya huta da gudu: zai zagaya a tsanake, ya ci maki, duk abokansa da ke kan zanguna su ma su ci. Wannan shi ne abin da Amurkawa ke kira hom-ron, ni kuma zan kira shi bugun ƙetare. Idan juyi ya zo ƙungiyarsa ce ke tsaro, kowane ɗan wasa yana da wurin tsayuwa. Mai tsaron zangon farko aikinsa ya fi karkata ga cafe ƙwallon da 'yan uwansa ke jefo masa, ba a buƙatar ya yi gudun barewa, saboda haka al'ada ta mai da wurin mazaunin ƙarfafa masu nauyin hannu. Ana yafe masa rashin zafin nama bisa sharaɗi ɗaya, ya riƙa fitar da ƙwallo waje. Da bugun ƙetare ake auna shi, da shi ake yanka masa albashi, kuma a kowace ƙungiya mutum ɗaya ne ke tsayawa a wurin. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Babu mai musun cewa McGwire yana da baiwa. An haife shi a Oktoban 1963 a Kalifoniya, kuma a 1987, cikakkiyar kakarsa ta farko da ƙungiyar Oakland Athletics, ya buga 49, abin da wani sabon shiga bai taɓa yi ba kafin shi. Saura ɗaya ya cika 50 ya bar wasan ƙarshe ya tafi don ya halarci haihuwar ɗansa. Mutum ne kuma da daga baya ya yi alkawarin ba da dala miliyan ɗaya duk shekara don taimakon yaran da aka ci zarafinsu, wanda kuma a 2001, da ya ga jikinsa ya gaza, ya yi ritaya ya bar kwantiragin dala miliyan 30 da aka riga aka yi masa tayinta. Na kawo waɗannan ne don kada mai karatu ya zaci labarin wani tantirin maha'inci muke yi. Da haka ne da batun ya yi sauƙi, da kuwa bai cancanci a ɓata masa tawada ba.

Tsakanin farkon nan mai haske da 1998 akwai shekarun duhu. A 1991 hannunsa ya mutu, ya tsaya a 22. A 1993 da 1994 ciwon ƙafa ya kwantar da shi, wasa 74 kacal ya buga a shekaru biyun a haɗe, alhali kaka ɗaya wasa 162 ce. Shi kansa wasan a lokacin yana jinya: a Agustan 1994 'yan wasa suka shiga yajin aiki, aka soke gasar ƙarshe ta shekarar, 'yan kallo suka yi fushi suka ƙaurace wa filaye. Don haka lokacin da McGwire, wanda ya koma St. Louis Cardinals a 1997, ya shiga tsere da Sosa, ɗan wasa mai neman lafiya ne ya haɗu da masana'anta mai neman ceto. Kowa ya samu abin da yake so a wurin ɗan uwansa, kuma babu mai sha'awar yin tambaya.

Wani ya yi tambayar dai. A Agustan 1998 ɗan jarida Steve Wilstein na kamfanin dillancin labarai na AP ya hango kwalbar wani sinadari mai suna androstenedione a ma'ajiyar McGwire, ya rubuta. Sinadarin a lokacin ana sayar da shi a kanti, hukumar besbol ba ta hana shi ba, ko da yake hukumar Olamfik ta haramta shi. Maimakon a bincika, sai aka yi wa ɗan jaridar ca, aka ce ya shiga abin da ba ruwansa. Sitiroyid ɗin ainihi kuwa, wanda McGwire ya amsa daga baya, dokar tarayyar Amurka ta sa shi cikin magungunan da ba a mallaka sai da izinin likita tun 1990, kuma shugaban hukumar besbol Fay Vincent ya aika wa ƙungiyoyi takardar hana shi a 1991. Sai dai hani ne marar haƙori, domin ba a fara gwajin 'yan wasa ba sai 2003. Masu kare McGwire kan fake da wannan su ce ai ba a gwaji a zamaninsa. Ban ga abin tsayawa dogon muhawara a nan ba. Rashin mai gadi a bakin rumbu bai taɓa mai da hatsin na mai wucewa ba.

Inda maganar ke da nauyi shi ne iƙirarinsa na 2010, kuma ina so in ba shi haƙƙinsa kafin in saɓa masa. Gaskiya ne ƙwaya ba ta ba mutum ido. Ba ta koya masa bambance ƙwallon da zai lanƙwasa da wanda zai miƙe, a cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Ɗaruruwan 'yan wasa sun yi amfani da irinta ba su zama kowa ba. Shi kuwa a duk tarihin wasan babu wanda ya kai shi yawan fitar da ƙwallo idan aka auna da yawan tsayuwarsa a gaban mai jifa, kusan ɗaya cikin kowace goma sha ɗaya, kuma ya yi 49 tun kafin lokacin da ya ce ya fara taɓa ƙwayar. Ya ce don jinya ya sha, don jikinsa ya daina karyewa, ƙarfi bai dame shi ba.

To, mu ɗauka haka ne. Ko a bisa bakinsa, hujjar ta rushe kanta. Mutumin da ya buga wasa 74 a shekara biyu ba zai yi bugun ƙetare 70 daga gadon asibiti ba. Idan ƙwayar ce ta tsayar da shi a fili, to ita ce ta ba shi ranakun da ya yi bugun a cikinsu. Juriyar jiki wani ɓangare ne na abin da ake gasa a kansa. Maris a 1961 har gashin kansa ya riƙa zuba saboda matsin da ya sha, kuma da wannan gajiyayyen jikin ya kai 61.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wanda nake ganin McGwire ne farkon wanda ya cutu da shi. Mai yiwuwa ne da gaske da ya kai 62 ko ma 70 da tsaftataccen jini. Hanya ɗaya ce tak da za a iya sanin haka, ita ce ya buga kakar 1998 ba tare da ƙwayar ba, kuma wannan hanyar shi da hannunsa ya toshe ta. Yana roƙon duniya ta yarda da baiwarsa, bayan ya ƙone shaidar da za ta wanke shi. Shi kansa, duk tabbacin da yake nunawa, zato yake yi kamar kowa. Ɗalibin da ya san karatu amma ya shiga jarrabawa da takarda a aljihu ya raba kansa har abada da sanin ko da ya ci da ƙoƙarinsa, kuma rantsuwarsa bayan fitowar sakamako ba ta mayar masa da wannan sanin.

Sau da yawa idan ana wannan muhawara akan ce ai jikinsa ne, wa ya cuta? Amsata tana da suna: Fred McGriff. Shi ma mai tsaron zangon farko ne, shi ma a Oktoban 1963 aka haife shi, wata ɗaya shekara ɗaya da McGwire, kuma sunansa bai taɓa fitowa a wani zargin ƙwaya ba. A 1989 ya zo na ɗaya a rukuninsa da bugun ƙetare 36. A 1992 ya sake zuwa na ɗaya a ɗaya rukunin da 35. A 1999, yana da shekara 35, ya buga 32, kusan abin da ya saba yi ke nan tun ƙuruciya. Amma a shekarar McGwire ya yi 65, Sosa ya yi 63, sai 32 ta koma abin da ba a ko waiwaya. McGriff bai ragu da komai ba. Mudun da ake auna shi da shi ne aka sauya yana tsaye.

Nan ne, a ganina, asalin laifin yake. Mai algus a gasa yana taɓa abin da ya fi sakamakonsa, yana taɓa ma'aunin da ake auna kowa. Kamar mai buga jabun kuɗi ne: ko bai sa hannu a aljihun kowa ba, kuɗin da ke aljihun kowa ya rage daraja. Da McGriff ya yi ritaya da 493, 'yan jaridar da ke zaɓen shiga Zauren Gwanaye na garin Cooperstown suka shekara goma suna duba sunansa suna wucewa. Ana buƙatar kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'u, shi kuwa bai taɓa kai 40 ba, domin a idon da ya saba ganin 60 da 70 adadinsa ya yi kama da na matsakaici. McGriff ma ai sananne ne, ya tara dukiya. A ƙarƙashinsa akwai waɗanda ba za mu taɓa sanin sunansu ba, samarin ƙananan ƙungiyoyi da suka ƙi allurar, aka sallame su saboda wani ya fi su nisan bugu da 'yan ƙafafu, suka koma gida. Kujera ɗaya ce a zangon farko. Duk wanda ya zauna a kanta da taimakon kwalba, akwai wanda ya tashi. Sannan ga wata cutar da ta fi ɓoyuwa: duk ɗan wasan wancan zamani, har mai gaskiyar, ya wayi gari ana kallonsa da ayar tambaya, kuma babu yadda mutum zai tabbatar da abin da bai sha ba shekaru ashirin da suka wuce. Wake ɗaya ne, amma garin duka ya ɓata.

Akwai hujjojin da ke gefen McGwire waɗanda ba na wasa ba ne. Na farko, tarihin besbol bai taɓa zama tsarkakakke ba. Babe Ruth ya buga 60 ɗinsa a 1927 a gasar da ta hana baƙaƙen fata shiga, har sai da Jackie Robinson ya karya shingen a 1947, kuma a zangon farko ya tsaya a shekarar. An daɗe ana haɗiyar ƙwayoyin hana gajiya a ɗakunan 'yan wasa kafin sitiroyid ya zo. Masu jifan da McGwire ya fuskanta ma wasunsu suna sha. Na biyu, ina iyaka tsakanin magani da maguɗi? Ana yi wa mai jifa tiyata a dasa masa sabuwar jijiya a gwiwar hannu, ana gyara wa mai duka ido, ba wanda ya kira wannan ha'inci. Na uku, kuma shi ya fi damuna, waɗanda suka ci ribar 1998 ba su biya komai ba. Bud Selig, wanda ya shugabanci hukumar a duk tsawon zamanin, ya shiga Zauren Gwanaye a 2017. Tony La Russa, kocin McGwire a Oakland da St. Louis, ya shiga a 2014. Shi kuwa McGwire ya fara da kashi 23.5 a 2007, ya ƙare da kashi 12 da 'yan kai a 2016, a hannun 'yan jaridar da da yawansu suka yi masa kirari a lokacin da ake jifan Wilstein. Har babbar hanyar da aka raɗa wa sunansa a St. Louis aka sauya mata suna a 2010.

Na yarda akwai munafunci a nan, kuma al'ummar da ta yi tafi tana da kaso a laifin da take hukuntawa. Amma rashin adalci wajen rabon hukunci hujja ce ta a faɗaɗa tuhuma, ba ta wanke wanda aka riga aka kama. Batun iyaka tsakanin magani da maguɗi kuwa, McGwire ya amsa shi da halinsa tun kafin masana su gama gardama. Wanda aka yi wa tiyata yakan nuna tabon ga 'yan jarida. Shi kuwa ya ɓoye nasa maganin fiye da shekara goma. Abin da ake yi a fili kowa na iya nema, gasa ta daidaita. Abin da ake yi a ɓoye amfaninsa duka yana cikin rashin sanin abokin karawa.

A 17 ga Maris, 2005, aka kira shi gaban wani kwamiti na Majalisar Wakilan Amurka. A zauren akwai iyayen da 'ya'yansu matasa suka kashe kansu bayan sun yi amfani da sitiroyid. McGwire ya yi ta maimaita cewa bai zo don maganar abin da ya wuce ba. An yi masa dariya a duk faɗin ƙasar, amma ni ina ganin akwai ɗan abin lura a shirun nasa. Rafael Palmeiro, wani mai tsaron zangon farkon, a wannan zaman ya nuna yatsa ya musanta ƙiri-ƙiri, bayan 'yan watanni gwaji ya kama shi. McGwire ya ƙi faɗin gaskiya, ya kuma ƙi rantsuwa a kan ƙarya, ya zaɓi ya sha kunya. Mutum ne da lamirinsa bai mutu ba, kuma bai kai ga ƙarfin da zai yi masa jagora ba.

A Janairun 2010, yana shirin komawa Cardinals a matsayin mai horar da masu duka, ya yi furucin da aka daɗe ana jira. Ya kira matar marigayi Maris ya ba ta haƙuri. Wannan kiran shi ne ya fi komai tona asirin matsayinsa. Idan da gaske ƙwayar ba ta ƙara masa ko bugu ɗaya ba, me ya karɓa daga iyalan Maris da har zai nemi afuwarsu? Hannunsa da ya ɗauki wayar ya san abin da bakinsa ya ƙi faɗa.

Mun taso muna jin cewa tuba, idan laifin ya shafi wani, ba ta tsayawa a nadama da dainawa, sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Wahalar lamarin McGwire ita ce yawancin abin da ya ɗauka ba ya mayuwa. Ba zai mayar wa McGriff shekarunsa goma na jira ba, ba zai nemo saurayin da aka sallama ba, kuma hukumar ba ta goge adadi, 70 na nan a littafi ƙarƙashin 73 ɗin da Barry Bonds ya yi a 2001. Abu ɗaya ne ya rage a hannunsa wanda zai iya bayarwa, shi ne ma'anar adadin. Yana iya cewa: wannan 70 ɗin kada ku auna kowa da ita, domin ni ma ban san nawa ne nawa a ciki ba. Da ya faɗi haka da ya gyara mudun gwargwadon ikonsa. Shi ne kuma abin da ya riƙe. Ya taɓa cewa shi kansa ba zai zaɓi kansa shiga Zauren Gwanaye ba, wanda ba ƙaramin sauke kai ba ne, amma a 2018, da aka sake tambayarsa ko da ya yi 70 ba tare da ƙwaya ba, ya amsa da cikakken tabbaci cewa da ya yi.

Ba na jin ƙarya yake shararawa da gangan. Ina jin ya yarda da abin da yake faɗa, domin yana bukatar ya yarda. Mutumin da tun yana saurayi aka san shi da abu ɗaya, idan ya amince cewa abin nan ma akwai shakka a kansa, da me zai tsaya a gaban ɗan da ya ɗaga sama a daren 62? Ina tausaya masa a kan wannan, kuma tausayin bai sauya hukuncina ba: abin da ya yi a 2010 nadama ce ta gaske, amma tubar ta tsaya a rabi, kuma rabin da ya rage shi ne wanda ya shafi sauran mutane. Da Aaron Judge ya buga 62 a 2022, a zamanin gwaji, ɗan Maris ya fito fili ya ce a wurinsa wannan ne adadin gaskiya. Rungumar 1998 ke nan iyalan suka janye, shekara 24 bayan an yi ta.

McGriff kuwa sai a Disambar 2022 wani kwamiti na musamman ya zaɓe shi, dukkan mambobi 16 ba wanda ya ƙi, aka shigar da shi Cooperstown a Yulin 2023 yana da shekara 59. Adadinsa 493 ne, daidai da na Lou Gehrig, saura 7 ya cika 500 ɗin da a da ake ɗauka a matsayin tikitin shiga kai tsaye. A 1994 yana da 34 cikin wasa 113 lokacin da yajin aiki ya datse kakar, yajin aikin da ya bar wasan cikin yunwar da ta sa aka rufe ido a 1998.